Hutun Da Muka Ba Baba

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, Baba kuwa ya riga mu. Ya cika ranar wata Talata bayan azahar, a ɗakin siminti da muka gina masa, a kan katifar da muka saya masa, fanka na juyawa a kansa. Na fara da waɗannan abubuwa ne don ni kaina ban sani ba, ko yabon kanmu nake yi, ko ƙarar kanmu nake kaiwa.

Ni ce ɗiyarsa ta biyu, ina koyarwa a lakkal, makarantar boko, a nan Filingue. Baba dillalin bisashe ne a kara, kasuwar dabbobi, tun kafin a haife ni, saboda haka kwana uku ƙofar gidanmu ba ta huta ba. An zo daga Tabla, an zo daga Damana, an zo daga rugagen da ban taɓa jin sunansu ba. Kowa ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya tsaya yana jujjuya tambaya ɗaya a bakinsa.

Wani tsohon Bafillace ne ya fito da ita fili. Ya sa aka kira ni bakin zaure, ya ce, "Ɗiyata, da gaske na wai ya mance sunan ɗiyanai?"

Na ce da gaske ne.

Ya dubi sandarsa. Ya ce, "Mutumin da in ya ga maraƙi shi gaya maka uwatai da kakatai? To mi yas same shi?"

Na yi masa godiya na koma ciki. A cikin gida kuwa amsoshi sun yi yawa. Goggo, ƙanwar Baba, ta ce hannu aka sa masa, kara wurin hassada ne, ita tun farko ta faɗa ba a saurare ta ba. Wata ta ce iska ce ya taka a daji lokacin da yake yawon kasuwanni. Liman ya aiko da cewa tsufa ne kawai, a bar zargin mutane. Duk na ji, duk na gyaɗa kai. Wadda ta karya ni maƙwabciyarmu ce, kuma da alheri ta yi maganarta. Ta kama hannuna ta ce, "Ku dai kun hita hakkinai. Shekara shida ko tsinke bai ɗauka ba. Kun hutasshe shi. Allah shi ba ku masu yi muku haka." Ɗakin duka ya ce amin. Ni kuwa na tashi na shiga madafa kamar akwai abin da na ɗora a wuta.

Ranar sadakar uku, da la'asar, Yayanmu, wanda ke aiki a wani biro, wato ofis, a Yamai, ya ja ni gefe. Ya ce da zarar Inna ta fita takaba zai zo ya ɗauke ta. Ya riga ya gyara mata ɗaki mai klim, na'urar sanyaya ɗaki, akwai mai dafa abinci, akwai mai wanki, ba za ta ƙara taɓa taɓarya ba har ta koma ga Allah. "Yadda munka yi ma Baba, haka za mu yi mata," in ji shi. Tun daga wannan rana hankalina bai kwanta ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wane ne Baba, da abin da muka yi masa, ko in na gan shi a takarda zan gane abin da ya kamata a yi da Inna.

Baba dogo ne, siriri, mai saurin tafiya. In kina bin sa zuwa gona sai kin haɗa da gudu. Yana da wata magana da duk Filingue ta san shi da ita. In an ce masa hatsi ya tsiro a gonar hanyar Tabla, ko wane ya samu sauƙi, ko an kawo wata saniya mai kyau, ba ya musu, ba ya yarda. Sai ya ce, "Bari in gani da ƙahwata," ya ɗau sanda. Mota in ba dole ba ba ya shiga, wai tana hana mutum gaisawa da jama'a. Abincinsa fura da nono da safe, tuwon hatsi da dare, kopto na zogale in Inna ta kwaɗa. Taba bai taɓa sa ta a baki ba. Shayi yakan sha in an ba shi, yana sha yana tsiya wai masu shi sun jiƙa sukari ne sun ɗiga ganye a kai.

Harshe huɗu yake ciniki da su: Hausa, Zabarmanci, Fillanci da Buzanci. Inna kan ce ko faɗa zai yi sai ya tsaya ya zaɓi wanda ya fi zafi a cikinsu. Kuma yana da faɗa, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da taurin kai, bakinsa ba ya taunawa kafin ya fitar. Bai taɓa yabon ɗansa a gabansa ba. Ranar da aka ba ni aikin koyarwa, na zo da murna na gaya masa, abin da ya ce kawai shi ne, "To, Madam, a ba awaki ruwa." Daga ranar bai ƙara kirana da wani suna ba. Sai daga baya na ji wai a kara ya hana mutane sakat da labarin ɗiyarsa mai koyar da ɗiyan mutane.

Akwai wata mata a wajen Damana, mijinta ya rasu ya bar mata ɗiya da karsana guda, karsanar kuma ta ɓace. Ta zo ta yi cigiya a kara, ta kwatanta ta, ta koma gida ta haƙura. Damina biyu bayan nan wani ya shigo kara da saniya da ɗan maraƙinta. Baba ya dubi tsagar kunnenta, ya sa aka ja ta ta yi taku kaɗan, ya ce wannan ta matar nan ce ta Damana. Mai saniya ya yi tsalle ya dire, don shi ma saye ya yi da gaskiyarsa. Baba ya bi cinikin hannu zuwa hannu, ƙauye zuwa ƙauye, har ya kai ga wanda ya tsince ta a daji ya yi shiru. Da aka sasanta, shi da kansa ya ja saniyar da maraƙin a ƙasa har ƙofar matar. Ya dawo ƙafafu a kumbure, da ƙwan zabi a cikin hula, abin da ta iya ba shi ke nan. Inna ta yi ta faɗa tana gasa masa ƙafa, shi kuwa yana ta ba ta labarin yadda saniyar ta gane gidan tun daga nesa.

Wannan shi ne kan da ya zo ya manta ko ya ci abinci.

Abin ya faro ne wata ranar kasuwa cikin bazara. Jiri ya ɗauke shi a tsakiyar kara, ya faɗi cikin tumaki, aka kawo shi asibiti a kan amalanke. Majo, babban ma'aikacin jinyar, ya gwada shi ya ce hawan jini ne, abin da muke ce wa tansiyo. Ya rubuta magani, ya ce a sha kullum ba fashi, a rage gishiri da maji a miya, kuma ya huta kwana kaɗan. Kwana kaɗan ya ce, da kunnena na ji. Mu ne muka mai da su shekara shida.

Dalili kuwa ba ciwon ba ne, bakin mutane ne. A wani gidan suna, cikin satin nan, wata mata ta ɗaga murya yadda zan ji, ta ce, "Ɗa na Yamai da mota, ɗiya madam ta, tsoho na hwaɗuwa cikin kashin tumaki." Ban ci shinkafar sunan ba. Na dawo gida, na kira Yaya a talho. A ƙasarmu ta Kurfai, in ɗa ya samu abin hannunsa, hanyar da zai nuna shi ɗan halak ne ita ce ya zaunar da iyayensa. Ba a tambayar tsoho ko yana son zaman. Ni da Yaya muka yanke magana cikin minti kaɗan: ba kara, ba gona, ba yawon ƙauyuka.

Da ranar kasuwa ta zagayo, na riga shi tashi, na kwashe takalmansa na tafiya da sandarsa na kulle a akwatina. Ya fito bayan ya sha fura yana dube-dube.

"Madam, ina takalmana?"

"Baba, ka gama zuwa kara."

"Wa yac ce?"

"Mu munka ce, ni da Yaya."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ni na haihe ku, ko ku kunka haihe ni?"

Na gaji halinsa, bakina ba ya jira. Na ce, "Baba, kunya kaka ba mu cikin gari."

Na san shi. Da na ce masa rana ce ko ciwo ne, da ya fita ba takalmi, ya je ya dawo, ya bar ni da akwatina. Amma na ce kunya. Ya tsaya, ya dubi Inna, Inna ta sunkuyar da kai. Ya juya ya koma ɗaki. Mutumin da bai taɓa barin kowa ya yi maganar ƙarshe ba, ranar ya bar mini ita, kuma wallahi a lokacin daɗi na ji.

Daga nan muka shiga hidima, ba mu yi ƙwauro ba. Aka gina ɗaki, aka kawo tele, wato talabijin, da kujera mai laushi. Gona aka ba ɗan Goggo ya noma. Nama kullum, burodi da shayi mai madara da safe, lemun kwalba duk zuwan Yaya. Fura ma sai da muka rage masa, wai abincin wahala ne. Baba ya yi ƙiba, wuya ya cika, masu zuwa gaisuwa suna cewa ya yi kyau, ya koma saurayi. Maganin tansiyo ya sha na farko ya ƙare, ya ce kansa ya bar ciwo, mu kuma ba mu sake karɓowa ba. Mun ɗauka hutu ya warkar da shi. Ni da nake koya wa ɗiyan mutane karatu, na karanta takardar maganin nan da idona, na ga inda aka ce kada a daina, na ninke ta na ajiye.

Abu ɗaya da ya rage masa shi ne majalisar tsofaffi a gindin bishiyar bedi kusa da masallaci. Nan ma kunne ya raba shi da ita. Jinsa ya fara raguwa, a yi magana ya ce a maimaita, a maimaita ya ba da amsar da ba ita ba, a yi dariya. Ba da mugunta suke yi ba, abokan wasansa ne. Amma Baba ba ya ɗaukar a yi masa dariya. Ya rage zuwa, ya daina. Mu ba mu kai shi an duba kunnen ba, muryar tele muka ƙara.

Sai kuma wanda ya fi ci mini rai. A shekarar farko makiyaya da mahauta ba su daina zuwa ba. Wani ya zo a duba masa sa, wani rigima ce kan alamar tunkiya, wani hira kawai ya kawo. Ni ce mai tsayawa a zaure. "Shina hutawa," in ce musu. Na faɗi kalmar nan har ba na jin fitarta. Suka ga ba fuska, suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci yakan ji kamar murya a waje ya tambaye ni wane ne, in ce ba kowa.

Ban iya cewa ga ranar da mantuwar ta fara ba. Ya tambaye ni ko ya yi la'asar, na ce ya yi, can an jima ya sake tambaya. Muka yi dariya. Aka fara samun burodi a ƙarƙashin matashinsa. Wani Bazabarme abokinsa ya zo daga Damana, na bar shi ya shiga don daga nesa ya zo, ya yi ta zuba Zabarmanci, Baba na kallon bakinsa yana murmushin baƙunta. Da babbar salla Yaya ya kawo rago, ya ja shi har ƙofar ɗaki don ya burge, ya ce, "Baba, duba muna ko an cuce ni." Da can hannunsa zai fara kaiwa baki ya duba haƙora, ya taɓa gadon baya, ya faɗi garin da aka haifi ragon. Ranar ya dube shi ya daɗe, leɓensa na motsi yana neman kalma. Ya ce, "Ku ɗaure abin ga." Yaya ya dube ni, na dube shi.

Wata safiya, ina lakkal, aka aiko wai ba a ga Baba ba. Aka bazu cikin gari. Ban san abin da ya kai ƙafata kara ba, don ba ranar kasuwa ba ce. Na same shi tsaye a tsakiyar fili, ba takalmi, ba kowa sai turaku da busasshen kashin shanu. Na matso ina haki. Ya gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙuwa, ya ce, "Baiwar Allah, ina mutane sunka tahi?"

Na ce, "Ba yau ta kasuwa ba, Baba. Mu tahi gida."

Ya yarda, ya biyo ni. Mun yi ɗan nisa ya rage murya ya ce, "Don Allah in mun kai, kada ki gaya ma Madam na zaka nan. Ba ta so."

Na ce ba zan gaya mata ba. Na riƙe hannunsa har gida, hawaye na zuba, yana ta ba ni haƙuri bai san a kan me ba.

Bayan wannan ne muka kai shi Yamai wurin wata likita mai duba ciwon ƙwaƙwalwa. Ta yi masa tambayoyi, ta sa aka ɗauki hoton kansa, ta gwada jininsa ta ɗaga gira. Sannan ta sa aka fita da shi, ta juyo kanmu. Yaushe rabonsa da maganin tansiyo? Yana tafiya da ƙafa? Da wa yake hira a yini? An taɓa duba kunnensa? Me yake ci? Wane aiki yake yi da kansa ko da hannunsa? Yaya ne ke amsawa da farko, da ƙarfinsa, yana lissafa ɗaki da tele da nama. A hankali muryarsa ta yi ƙasa, ya bar mini sauran.

Ta ce ciwon mantuwa ne, ba sammu ba, ba iska ba, kuma ba kowane tsoho ne ke yin sa ba. Ta ce hawan jinin da aka bari ba magani yana lalata ƙananan jijiyoyin kai a hankali ba a sani ba. Ta ce wanda aka yi ba ya gyaruwa, sai dai a rage masa gudu. Abin da aka sani yana rage haɗarinsa, in ji ta, ba wani abu ne mai tsada ba: a riƙe tansiyo da sukari, a motsa jiki, a bar taba, a ci ganye da hatsi a rage maiƙo da zaƙi, a gyara ji da gani in sun ragu, a zauna cikin mutane, kai kuma ya riƙa samun abin yi.

Na ji kamar rayuwar Baba ta da take karanta mini, wadda na kulle a akwati. Na tambaye ta kai tsaye, na ce, "Likita, mu munka jawo mai?"

Ta ce ba ta iya cewa haka ba, kuma ba wanda zai iya. Akwai shekaru, akwai gado, akwai abin da ba a gano ba. Mai yiwuwa ne ko an bar shi a kara ya yi ciwon. Mai yiwuwa ne ya zo a makare, ko da sauƙi. "Rage haɗari na ce, ban ce hanawa ba," in ji ta.

To a nan nake har yau, tsakanin maganganun nan biyu. Yaya ya ɗauki ta farkon ya riƙe: likita da bakinta ta ce ba mu ba ne. Ni na ɗauki ta biyun, ita ke hana ni cin abinci. Kuma in na ce zan kama gefe ɗaya, sai in ga abin da ke rushe shi. Aminin Baba na majalisa ya girme shi, taba ba ta barin bakinsa, shayinsa kamar zuma, ga shi nan garau, shi ya riƙa gyara wa mutane zuri'ar Baba a wurin zaman makoki. Kawunmu na Tabla kuma bai taɓa hutawa ba, a gona ya tsufa, cikin jama'a, amma shi ma kafin ya rasu sai da ya riƙa kiran matarsa da sunan uwarsa. In na tuna waɗannan biyun sai in ce ashe Yaya ya fi ni gaskiya. Sannan in tuna jirin da ya kayar da Baba, in ce da mun bar shi, wa ya sani ko faɗuwa ta biyu a ƙarƙashin kofaton sa za ta kasance? Kafin in gama wannan tunanin kuma sai in ji muryata a zaure ina cewa shina hutawa.

Da muka dawo daga Yamai na mai da shi kan magani, na mai da fura da kopto, na fito da takalman. Sun yi masa kaɗan, ƙafar ta kumbura. Wata ranar kasuwa na sa masa silifa na kai shi kara da kaina. Hayaniya ta tsorata shi, ya ƙanƙame hannuna. Mutane suka yi ta zuwa gaishe shi, bai gane kowa ba. Har na ce mu koma, sai wata jar saniya ta miƙo kai ta gefenmu. Ya saki hannuna, ya shafa wuyanta, ya murza kunnenta, ya yi mata wata magana da Fillanci, harshen da na ɗauka ya tafi tuntuni. Mai saniyar ya yi dariya ya ce wai tambayarta yake ko ta sha ruwa. Yinin nan Baba ya ci abinci da kansa, ya yi barcin rana mai daɗi. Washegari ya tashi bai san an je ko'ina ba. Na ci gaba da kai shi har lokacin da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ban sani ba ko don shi nake yi ko don ni.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo. Ka san ƙafar da ya taka don haƙƙin wata, ka san shirun da ya yi don kada ɗiyansa su ji kunya. Abin da ya manta na sallarsa a ƙarshe kai ba ka manta da na farkon ba. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci. Mu ma ka yafe mana, in laifi ne muka yi.

Saura Inna. Ta haura saba'in, amma kanta garau yake. Tana da awaki, ita ke dakanta, ita ke kwaɗa koptonta, kafin takaba kullum da hantsi tana makarantar matan unguwa tana koyon haɗa baƙi da tsufanta. Ba haihuwa ko rashin lafiya a unguwar nan da ba a zuwa a gaya mata. Na roƙi majo ya zo gida ya gwada ta, ya ce ita ma tansiyonta ya ɗan hau, yanzu ni ke miƙa mata ƙwayar kowace safiya in tsaya sai ta haɗiye. Na tambaye ta maganar Yamai. Ta ce, "Dut abin da kunka yanke." Na ce ba abin da muka yanke nake tambaya ba, abin da take so. Ta yi ta gyara bakin zanenta, can ta ce, "Can wa nis sani?" Ba ta ƙara ba, kuma na san a gaban Yaya ko wannan ba za ta faɗa ba.

Yaya ya dawo sadakar arba'in. Washegari da safe, yana shirin komawa, Inna ta fito tsakar gida ta zuba hatsi a turmi ta fara surfe. Goggo na nan, maƙwabciyarmu na nan, da wasu mata biyu da suka kwana. Ni ina zaune a kan tabarma. Da can da gudu zan tashi in karɓe. Ranar na danne hannuwana a cinya, ina jin idanunsu a kaina.

Maƙwabciyar ta ce, "Madam, kina zaune tsohuwa na daka?"

Na ce, "Ina zaune."

Yaya ya fito da jakarsa, ya gani, ya ajiye ta. Ya je ya karɓi taɓaryar daga hannun Inna a hankali, da ladabi, kamar yadda ɗan kirki zai yi. Ya ce, "Inna, kin gama wanga aiki. Wata uku ya rage ki huta." Inna ta sake masa, ta tsaya hannu biyu a sake, tana kallon ƙasa. Tsayuwar nan na taɓa ganinta wurin Baba a gidan nan, kuma ni na jawo ta.

Na tashi. Ban taɓa karɓar abu daga hannun Yaya da ƙarfi ba tun muna yara. Na kama taɓaryar, ya riƙe, na ja, ya saki don mamaki. Na mayar da ita hannun Inna, na naɗe yatsunta a kai da nawa. Na ce, "Inna ba ta zuwa Yamai. In kana son ganinta, hanya ta nan."

Goggo ta fara salati. Yaya ya ce, "Kin tabbata zaman ne yac ci Baba? Likita ta ce haka?"

"Ba ta ce ba."

"To ke kin sani?"

"Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba."

Ya dube ni, idanunsa sun yi ja, na ga ba fushi kaɗai ba ne. Shi ma ubansa ne ya mutu, kuma ita ma uwarsa ce. Ya ɗauki jakarsa. A bakin zaure ya juyo ya ce, "In ta hwaɗi bakin turmin ga, ke ta."

Na ce, "Ni ta. Na ɗau alhakin."

Ya fita bai yi mini sallama ba. Muna jin motarsa ta tashi ta yi nisa. Inna ta dubi taɓaryar, ta dube ni, ta ce in matsa mata na tare haske. Na matsa. Ta ɗaga ta ta ci gaba da surfenta, ni kuma na tsaya a bayanta, kusa yadda hannuna zai kai in ta yi tangaɗi.